Abincin Gona a Kan Dusar Ƙanƙara

Idan rana ta take tsaka a tsaunukan Alps cikin watan Janairu, gangaren da tun safe yake cike da masu wasan zamiya sai ka ga ya yi fayau. Kowa ya kwance dogayen allunan da ya ɗaura a ƙafa, ya kafa su cikin dusar ƙanƙara a ƙofar wata bukkar katako, ya shige ciki ko ya baje a barandar da ke kallon rana. Cikin waɗannan mutane akwai wanda ya zo da jirgin samansa na kansa, akwai wadda kuɗin rigar sanyinta kaɗai zai sayi bijimi. Amma leƙa farantin da ke gabansu ka gani: dankalin turawa, narkakken cuku, burodi, albasa. Kuma idan sun koma gida aka tambaye su labarin tafiya, da wuya su fara da otal ɗin da suka kwana. Wannan farantin na tsakar rana shi ne bakinsu ba ya gajiya da ambato.

Wanda ya tashi a ƙauye ba zai sha mamaki ba, domin ya san abincin gona. Ranar gayya ce cikin damina, tun sanyin safiya ake duƙe a kan fartanya. Rana ta ɗaga, ƙugu ya riƙe, waƙa ta fara ja da baya, kowa yana satar kallon hanya. Can sai ga 'yan mata tafe a jere, ƙorai bisa gammo, an rufe su da faifai. "Sannunku da aiki. Baba, ga abinci in ji Inna." A ajiye fartanya nan inda kunya ta tsaya, a koma gindin tsamiya, a wanke hannu, a kewaye akushi. Tuwon dawa ne da miyar kuka, irin wanda aka ci jiya da dare a gida ba wanda ya tanka. Amma a nan sai ka ji dattijo mai furfura yana santi kamar yaro. Ba mai girki aka canja ba, ba daddawa aka ƙara ba. An dai sha wuya kafin a ci, abincin ne ya yi tattaki ya iske mai cinsa, sannan hannuwa da yawa ne cikin kwano ɗaya. Abin da ke faruwa a bukkokin Alps ke nan, sai dai su sanyi ne ke gasa su a maimakon rana.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan zamiya kamar ba aiki ba ne, tunda na'ura ce ke ɗaukar mutum ta kai shi sama, shi kuwa ya sulalo ƙasa. Cinyoyinsa ne za su ba da wani labari. Tun wajen ƙarfe tara na safe yake tanƙware da gwiwa cikin takalma masu tauri da nauyi, yana karkata jiki dama da hagu don kada ya kife, ga iska mai yankan fuska. Duk hawan mita 1,000 da aka yi, sanyi na ƙaruwa da wajen digiri shida, kuma iskar shaƙa tana raguwa. Garin Zermatt na ƙasar Suwizalan yana kan tsayin da ya ɗara mita 1,600, amma motar igiya tana kai mutane har Klein Matterhorn, mita 3,883. Jikin da ya wuni a nan yana ƙona abin da ke cikinsa ta fuska biyu, don motsi da kuma don ɗumama kansa. Kafin azahar ciki ya fara kiran ciroma, kuma kowa ya san sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abincin da ake tarar wannan yunwa da shi tun asali na masu aikin ƙarfi ne. A Suwizalan akwai rösti, gurzajjen dankali da ake soyawa da man shanu har ya yi ɓawo, wanda a da karin kumallon manoman yankin Bern ne. Akwai Älplermagronen, taliyar makaroni da dankali da kirim da cuku da soyayyar albasa, ana ci da markaɗaɗɗen tuffa a gefe; ana danganta shigowar taliyar da leburorin Italiya da suka haƙa ramin jirgin ƙasa na Gotthard wanda aka buɗe a 1882. A yankin Tirol na Ostiriya akwai Gröstl, wato ragowar nama da dankalin jiya da aka haɗa aka soya, aka ɗora ƙwai a kai. A tsaunukan Dolomites na Italiya kuwa busasshen burodi ake jiƙawa da madara a cura shi dunƙule-dunƙule a jefa cikin romo, suna kiransa canederli. Hatta Kaiserschmarrn, wanda ake jingina sunansa ga Sarki Franz Joseph, fanke ne kawai mai kauri da aka yayyaga a cikin kasko aka barbaɗe da sukari. Duk cikinsu babu abin da matar manomi ba za ta iya haɗawa da abin da ke ɗakinta ba.

Dalili kuwa shi ne, waɗannan bukkoki da ake cin abinci a cikinsu yawancinsu ba don baƙi aka gina su ba. Shekaru aru-aru mutanen Alps makiyaya ne. Idan ƙanƙara ta narke ciyawa ta fito, sai a kora shanu can saman dutse su yi wajen wata uku suna kiwo, a sauko da su cikin Satumba an yi musu ado da furanni da manyan ƙararrawa. A sama babu kasuwa, babu mai sayen madara, ga ta kuwa tana zuwa safe da yamma. Hanyar adana ta ita ce a mayar da ita cuku. Dunƙulen cukun Gruyère guda, mai nauyin kilo 35, yana cin madara wajen lita 400, kuma yana iya daɗewa watanni da yawa bai lalace ba. A yankin Valais a da burodin hatsin rai ma sau biyu ko uku kacal ake gasa shi a shekara a tandar gari, sai ya bushe ya yi tauri kamar itace. Mutumin da ya wayi gari cikin hunturu da cuku mai tauri, da burodi mai tauri, da dankali a rami, da wuta a murhu, ba sai an koya masa girki ba.

Dubi raclette, wanda shi ne mafi sauƙi cikin duka. A Valais har yanzu akwai wuraren da ake yin sa yadda kakanni suka yi. Mai girki zai raba dunƙulen cuku gida biyu, ya kafa rabin a kan katako, fuskar da aka yanka tana kallon garwashi. Ba ya motsawa, ido kawai ya zuba. Da farko fuskar za ta fara ƙyalli kamar ta yi gumi, sannan ta soma tafasa tana ƙananan kumfa, gefen ɓawon ya yi ja yana ƙauri. A daidai wannan lokaci zai ɗaga shi ya karkata bisa faranti, ya sa bayan wuƙa ya kankaro daga sama zuwa ƙasa da ja ɗaya, cukun ya zubo yana naɗewa a gefen dafaffen dankali guda biyu da 'yar albasa mai tsami. Faranti ɗaya ake fitarwa a lokaci guda, kuma wanda aka miƙa wa ba ya jiran kowa, don idan ya huce ya tashi daga aiki. Sauran suna zaune suna haɗiyar yawu suna lissafin layi. Kafin zagaye ya dawo kanka, yunwar ta sake sabuwa.

Shi kuwa cukun Reblochon na yankin Savoie a Faransa, labarinsa na wayon talaka ne. Yadda ake faɗa, a zamanin da makiyaya suna biyan masu filin kiwo haya ne gwargwadon madarar da aka tatsa. Ranar da mai fili ya zo awo, sai a tatsi saniya rabi a ce iyakarta ke nan. Da ya juya baya a koma a ƙarasa tatsa. Wannan madara ta biyu ba ta da yawa amma ta fi maiƙo, da ita ake yin cuku mai laushi a ɓoye don mutanen gida. Yau shi ake shimfiɗawa bisa dankali da albasa a gasa, a kira shi tartiflette, a sayar wa jikokin masu filin.

Sai batun tattaki. Abin da ke ƙara wa tuwon gona armashi har da sanin cewa wata ta ɗauko shi a ka ta ratsa raɓa da laka. A kan dutse ma haka ne, ba abin da ke zuwa da sauƙi. Cikin hunturu hanyoyin mota sun binne. Buhun dankali, tulun gas, kwandon ƙwai, duk sai dai a loda su a motar igiya da sassafe kafin baƙi su fito, ko a ɗora wa motar da ke baje ƙanƙara da dare, wasu wuraren ma sai jirgi mai saukar ungulu. Shara kuma ta hanyar da kaya suka hau za ta sauko. Mai girkin ma yana da tasa rigimar da tsayi. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a tsayin mita 3,000 a wajen digiri 90 yake tafasa, don haka ga tukunya tana ta ɓararraka, dankali kuwa ya ƙi nuna. Wanda ya ga kuɗin kwanon miya a sama ya riƙe baki, ya tuna cewa har da ladan dako yake biya.

A sama da Zermatt akwai wata 'yar unguwa mai suna Findeln, a tsayin da ya haura mita 2,000. Tsofaffin ɗakuna ne da rumbuna na katako da rana ta ƙone har suka yi baƙi, wasu an ɗora su bisa ginshiƙai da faifan dutse a tsakani don kada ɓera ya hau. Nan iyalai ke zama da shanunsu a lokacin kiwo. Yanzu da dama daga cikin ɗakunan sun zama gidajen abinci, kuma cikin hunturu ba a zuwa da mota: ko dai ka sulalo da allunanka, ko ka tako da ƙafa. Idan ka zauna a waje an lulluɓa maka bargo a gwiwa, dutsen Matterhorn mai mita 4,478 yana tsaye gabanka. Miyar sha'ir ɗin da za a kawo maka, da a cikin gari ka sha ta, da ƙyar za ka tuna da ita washegari.

Cin kwano ɗaya kuwa, fondue ne sarkinsa. Ana goge cikin wata tukunyar ƙasa mai faɗin baki da tafarnuwa, a narkar da gurzajjen cuku a ciki, galibi rabi Gruyère rabi Vacherin, a kawo ta tsakiyar tebur bisa 'yar wuta. Kowa yana da dogon cokali mai yatsu, ya soke gutsuren burodi ya tsoma ya juya. Juyawar nan aikin kowa ce, don idan aka bar tukunya ta zauna cukun zai rabu da mai ya kama. Wanda burodinsa ya suɓuce ya faɗa ciki, akwai tara a kansa, kuma za a yi masa dariya. Turawan da suka saba kowa da farantinsa, kowa da wuƙarsa, a nan dole su haɗa kai da kafaɗa, su yi haƙuri da hannun juna. Idan an kusa gamawa sai a rage wuta a jira. A gindin tukunya wani siririn ƙanzo zai fito, ja, mai ƙaras-ƙaras. Mai masauki zai sa wuƙa ya ɓamɓaro shi a raba, kuma a kan wannan ɗan ƙanzo ne za ka ga manyan mutane suna musun wa ya fi samu.

Ba dai komai ne tsohon gado ba, gaskiya a faɗe ta. Fondue ɗin da ake tallatawa da hoton makiyayi, tsohon bayanin girkinsa da aka sani a wani littafi na birnin Zurich yake, na shekarar 1699, kuma cuku mai kyau irin Gruyère a da kayan sayarwa ne da talaka ba ya narkarwa haka kawai. Ƙungiyar dillalan cuku ta Suwizalan, wadda aka kafa a 1914 aka rushe a 1999, ita ce tun daga shekarun 1930 ta dage da talla har ya zama abincin ƙasa, saboda cuku ya yi mata yawa a ajiya. Tartiflette ma a shekarun 1980 ya bazu, lokacin da masu yin Reblochon ke neman kasuwa. 'Yan kasuwa sun sa hannu, ba shakka. Amma talla ba ta iya sa mutum ya so abin da cikinsa ya ƙi. Sun dai gane wane irin abinci jikin da ya sha sanyi yake nema, suka tare shi da shi a bakin hanya.

Inda abincin dutse ya rabu da na gona shi ne, manomi gajiyarsa damin hatsi take haifarwa, mai zamiya kuwa da kuɗinsa ya sayi tasa. Yawon hunturu a Alps tun farkonsa harkar masu hali ce. Ana ba da labarin cewa a 1864 wani mai otal a St. Moritz, Johannes Badrutt, ya ce wa baƙinsa 'yan Ingila su dawo cikin sanyi, idan ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka zo wajen Kirsimeti, ba su koma ba sai Ista. Inda masu kuɗi suka taru kuwa, manyan masu girki za su biyo su. A Courchevel gidan abincin Le 1947 na Yannick Alléno ya sami taurari uku na Michelin a 2017, mafi girman matsayi a wannan ma'auni. Akwai kuma wuraren da kallo suke sayarwa kafin abinci, irin Piz Gloria a kan dutsen Schilthorn, mita 2,970, wanda ɗakin cin abincinsa yake juyawa a hankali, aka kuma ɗauki fim ɗin James Bond na 1969 a cikinsa. Ba laifi ba ne, kuma akwai gwaninta ta gaske a ciki. Sai dai irin wannan girki, in kana da kuɗi, za ka same shi a Paris ko Dubai ba tare da ka ji sanyi ba.

Manyan masu girkin da kansu sun san haka. Gidan abincin La Bouitte, kusa da Saint-Martin-de-Belleville, René Meilleur da matarsa suka buɗe shi a 1976 a wani fili da ake noma dankali, suna sayar da fondue da raclette. Bai yi makarantar girki ba. Da shi da ɗansa Maxime suka yi ta gyara hannu har suka kai taurari uku a 2015, amma kayan aikinsu na kwarinsu ne: madara, cukun Beaufort, kifin tafki, ganyayen dutse. A Alta Badia ta Italiya kuwa, duk hunturu ana gayyato shahararrun masu girki kowa ya tsara faranti guda da za a riƙa dafawa a wata bukka ta kan gangare. Da abinci kaɗai ne magana, ai da sai a ce baƙi su sauko gari su ci.

Musulmin da ya sami kansa a can sai ya buɗe ido ya buɗe baki ya yi tambaya. Fondue na yau da kullum da giyar inabi ake narkar da shi, wani lokaci har da ɗigon barasa mai ƙarfi. Tartiflette da Gröstl da canederli kusan kullum akwai naman alade a ciki, miyar sha'ir ma haka, kuma sau da yawa ba a rubuta shi a takardar abinci tunda su a wurinsu kayan ɗanɗano ne kawai. Amma ba a rasa na ci. Mutanen Fribourg suna da nasu fondue da ake yi da cukun Vacherin zalla da ruwa. Raclette cuku ne da dankali, sai ka ce kada a haɗo maka da busasshen nama. Rösti da ƙwai yana samuwa idan ka tabbatar da man shanu aka soya. Wanda kuma yake son dusar ƙanƙara ba tare da wannan fargaba ba, akwai Oukaïmeden a tsaunukan Atlas na Maroko, kimanin kilomita 75 daga Marrakesh, inda tajin ke jira bisa garwashi, akwai kuma dutsen Erciyes kusa da Kayseri a Turkiyya, garin da ya yi suna da mantı, 'yan ƙananan curin fulawa da nama da ake ci da kindirmo da tafarnuwa.

Abin da mafi yawan baƙi ba su lura da shi ba shi ne, gangaren da suke zamiya a kai makiyayar wani ce. Idan watan Yuni ya kama, shanu ne ke yawo a ƙarƙashin igiyoyin da suka yi hunturu suna jigilar mutane. A ƙauyuka da dama mutum ɗaya ne: cikin sanyi yana kula da motar igiya ko yana koyar da zamiya, lokacin ciyawa yana tatsa yana dafa cuku. Kuɗin baƙi ne ke ba shi damar ci gaba da kiwon da shi kaɗai ba zai riƙe gida ba, kiwon kuma shi ke hana daji cinye gangare. A 2023 UNESCO ta sa wannan al'ada ta kiwon saman dutse ta Suwizalan cikin jerin gadon al'adun duniya. Yanzu da ɗumamar yanayi ke rage dusar ƙanƙara, har wasu ƙananan wuraren zamiya da ba su da tsayi sosai sun rufe, masu bukkoki da yawa sun koma buɗe ƙofa lokacin zafi don masu hawan dutse da ƙafa da masu keke. Su ma da yunwa suke isowa, kuma cuku da dankalin nan dai ake ɗora musu.